Ranar da dasashina ya fashe a Tanda

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ɗaurin auren Sani, ɗan ƙanena, ba.

Tun kafin bikin wani ƙullutu ya fito mini a dasashi, saman haƙorin da ya daɗe da ruɓewa. Ba ya ciwo sosai, girma kawai yake yi. Na nuna wa wani abokina a tashar kamiyo, manyan motocin kaya, ta Gaya, ya ce da irinsa ciwon daji ya fara wa kawunsa. Wallahi tun daga ranar tsoro ya hana ni sakat. Ni da nake jan kamiyo har Kotonu ban taɓa jin ɗar ba, sai ga shi ko ƙofar asibiti na kasa bi, kada a tabbatar mini. Ko maiɗakina ban gaya wa ba (tambaya take me ya sa na daina cin nama, na ce tsufa ne).

A Tanda, garin amarya, ni ne wakilin ango. An cika maƙil, an miƙo mini lasifika. Uban amarya ya ɓare goro da hannunsa ya ba ni rabi. Wa zai ƙi goron suruki a gaban jama'a? Na rufe ido na gatsa.

Sai na ji fus! Wani ruwa mai ɗumi da wari ya cika mini baki, ya gangaro kan farar rigata haɗe da jini. Na ce shi ke nan, dajin ya fashe, kwana ya ƙare. Na zube kan cinyar liman ina kalmar shahada, ina roƙon a riƙe mini yara amana (duk a cikin lasifika, har matan cikin gida suka fara kuka).

Sani ya durƙusa kusa da kunnena.

"Baba, don Allah ka karɓar mini matar tukuna."

A kwance na karɓa.

Da aka kai ni asibitin Gaya, lokotoro ya ce jakar ruwa ce ruɓaɓɓen haƙori ya tara a dasashi, ba daji ba. Ya cire haƙorin, ya wanke wurin, ya yi mini faɗa kamar ɗan lakwal a gaban malaminsa.

Yanzu ko ƙurji na gani, asibiti nake nufa. Gara in buɗe wa mutum ɗaya baki a ɗaki da in sake yi wa Tanda wasiyya a lasifika.