Rasuwar 'Yar Baƙa, Mai Busar Mana da Masara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu bai kwanta ba, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar 'Yar Baƙa, na'urar busar da hatsi ta gidanmu. Kawu, ƙanen mahaifiyata, yana ƙofar gida yanzu haka yana gaya wa masu wucewa wai kwananta ne ya ƙare. Ni na ce tsumma ne. Tun jiya ba mu haɗa ido ba, Inna ke kai magana tana dawo da amsa.

Marigayiyar ba 'yar kanti ba ce. Ni da abokina mai walda muka haɗa ta bayan na gama sakandare, lokacin da ba a kira ni ko'ina ba. Kwanon rufi ne muka shafa wa baƙin fenti, leda mai kauri a sama, raga a ciki inda ake baza hatsi, sai ƙaramar fanka da farantin sola ke juyawa. A bayanta akwai bututu, ta nan take fitar da danshi.

Ta yi rayuwa mai tsabta. Ba ta taɓa shan fetur ba, ba ta san layin gidan mai ba. Rana ce abincinta. In gari ya lumshe, a kunna mata totuwar masara kaɗan a murhun ƙarƙashinta, shi ke nan ta gode. Kafin zuwanta a bakin titi muke shanya, akuya ta ci, kaza ta tona, mota ta bi ta kai, Inna ta wuni tana tsince tsakuwa. Da ta zo, duk wannan ya wuce. Ba ta da surutu. Da hantsi ta ce fir-fir-fir, da azahar kwanonta ya ce ƙas, ƙas. Ni ma ba mai yawan magana ba ne, shi ya sa muka shaƙu.

Jinyarta gajeriya ce. Ruwan ƙarshen damina ya ƙi tafiya, dole muka karya masara da danshinta. Jiya na koma gona kwaso ragowar, na bar marigayiya a hannun Kawu. Shi a ganinsa zafi ne kawai ke busarwa, bututun nan kuwa ɓarna ce, zafi yana gudu ta ciki. Sai ya cusa masa tsumma, ya cika murhu da totuwa maƙil. Taimako ya nufa, ban musa ba. Amma danshi ya rasa ƙofa, masara ta yi gumi, leda ta narke ta zubo kan fanka. Inna ta ce ta ji ƙiii, ta ji tas, sai shiru. Mai walda ya zo ya duba, ya shinshina wayar fankar, ya girgiza kai.

Ta rasu ta bar farantin sola, maraya, yana kallon sama ba wanda zai ba wuta. Ta bar raga da murhu. Tsumman ya fita lafiya, ko ƙuna babu. Ta kuma bar tsibin masara jiƙaƙƙiya a ɗakina, wadda ba ta kai ga busarwa ba. Ɗazu na tura hannu a ciki na ji ɗumi, kuma wani wari ya fara tashi wanda ban so ba. In ta yi hunhuna, abincin gidan nan na shekara ya tafi, irin shuka ma ya tafi. Na shiga na fita, na sake shiga. Tana nan yadda take.

Za a kai ta makwancinta gobe da hantsi, idan mai sayen tsoffin ƙarafa ya zo da kurarsa. Fankar zan riƙe. An ware wa Kawu ɗaukar gaba, tunda shi ya ga cikawarta. Masu zuwa ta'aziyya kada su zauna, babu wurin zama. Kowa ya zo da tabarma, ko tamfol, ko tsohon zane, a taya mu fito da masara tsakar gida.

Sai dai ga gabas can ta sake haɗa hadari. In ya sauko, a ina za mu baza ta?