Mamerkus da Kajin Kaisar

"Kaisar ke mulkin Rum, kajina ke mulkin Kaisar, ni ke mulkin kajin. To, wa ye babba?"

Haka Mamerkus, mai kiwon kajin alloli, yake cika baki a gidan wanka yana shafa tumbi. Ka dai san al'adar: Kaisar ba ya fita yaƙi sai an watsa wa kajin nan tsaba a gabansa. In suka ci da haɗama, alloli sun yarda. Wanda ya riƙe aikin kafin Mamerkus, nasa kajin sun ƙi ci sau ɗaya, yanzu yana wani tsibiri yana hira da kifi.

Asirin gogan naka bai wuce ya bar su da yunwar kwana biyu ba. Da ya ji Kaisar ya ƙwallafa rai a kan yaƙin bana, sai ya mai da ita kwana shida, wai don a ga cin da ba a taɓa gani ba. Matarsa Tertulla ta tuna masa kaza ba raƙumi ba ce. Ya ce ita me ta sani a kaza ban da suya?

Ranar watsa tsabar da safe ya buɗe keji, ya tarar duk sun miƙe ƙafa, sun mutu. Ya zura kasuwa da takalmi ɗaya, ya zaɓo mafi ƙiba guda biyar. Shashashan bai san masu sayarwa kan yi musu ɗura da asuba don su yi nauyi ba.

Kaisar ya zauna, jarumai suka jeru, Mamerkus ya watsa tsaba. Kaji suka kalle ta, suka kalle shi. Ɗaya ma ta lumshe ido.

Mamerkus ya ce, "Ranka ya daɗe, kunya ce. Ba su saba ganin girma irin naka ba."

Tsoro ya kama Mamerkus, yana jin ƙarnin kifin tsibiri tun daga nan. Ya durƙusa, ya cusa kai cikin kejin, ya dinga tsattsagar tsabar da baki don ya nuna musu yadda ake yi, har tana zubo masa ta gemu.

Kaisar ya juya ga jarumansa.

"An ci a cikin keji, kuma da haɗama. Alloli sun yarda. Ku rufe mutumin nan a keji, da shi za mu tafi."

Tertulla ta matso ta ce wa mai gadin da ya zo rufe shi, "Ɗan'uwa, kwana shida ake barinsa ba ci. Shi ya koya mini."