Zoɓon Farfesa Ƙarfe

Duk unguwar Woolwich da ke can ƙasar Turawa, kai har Tottenham, Allah bai yi masani irin Malam Zuberu ba. In kana shakka, tambaye shi. Wani ɗan kwas ya taɓa farawa a wata makaranta da ke Bloomsbury kan halittar jiki da sinadarai, bai ƙarasa ba, amma tun daga nan ya daina cin tuwo, ya koma cin carbohydrate. 'Yan'uwa suka laƙaba masa Farfesa Ƙarfe, ya karɓa hannu bibbiyu. Ka ce kanka na ciwo, ya ce ƙarfen jininka ne ya yi ƙasa. Ka ce an yi cancel ɗin jirginka, nan ma ba za a rasa ƙarfe a ciki ba.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya: kujerar shugaban ƙungiyar 'yan Arewa ta unguwar. Yana sonta kamar ransa. Abokin takararsa, Wahabu, ba shi da ilimin komai sai gaishe da mutane da zuwa suna da ta'aziyya. Don haka Farfesa ya ɗau alkawarin shayar da kowa zoɓo ranar zaɓe, a ga bambanci.

Matarsa Mufeeda ta ɗauko robar da ta saba jiƙawa a ciki, ya ce roba ta jahilai ce. Ya tafi kasuwa ya sayo sabon bokitin ƙarfe mai walƙiya, irin na masu ban ruwan lambu. Ya ce shafen sinadarin zinc ne a jikinsa, zinc kuwa shi ke ƙarfafa garkuwar jiki, tsamin zoɓo zai tatso shi. Ya matsa lemon tsami ya ƙara, ya bar shi ya kwana. Mufeeda ta ce Allah ya ba da sa'a, ta dafa wa kanta shayi.

Ranar zaɓe ya miƙe cikin babbar riga, ya karkata bokitin kowa ya ga yadda cikinsa ya dafe.

"Jama'a, ku dubi ikon kimiyya. Wannan walƙiyar da ta ɓace, tana cikin kofunanku. Wasu gaisuwa za su ba ku. Ni lafiya na kawo muku."

Kunya ta sa kowa ya karɓa. Aka kurɓa, aka ji kamar an lashi makulli, aka yi masa sannu da ƙoƙari, kofuna suka silale ƙarƙashin kujeru. Shi kuwa, don ya nuna misali, ya riƙa kwankwaɗa yana jawabi, ya shanye ya ƙara, ya kuma ƙarawa.

Wayyo, ƙaramin sani ƙuƙumi! Gaskiya ne jiki na son zinc, amma irin son da miya ke yi wa gishiri. Yana tsaka da bayanin ƙwayoyin jini cikinsa ya karɓe jawabin. Gumi ya keto masa, ya tattare babbar riga, ya nufi banɗaki da saurin da ba a taɓa ganin farfesa ya yi ba.

Zaɓen na ɗaga hannu ne. Wahabu ya lashe, ya kuma fara aiki da zuwa duba marar lafiya, kamar yadda ya saba. Farfesa bai sami ko hannu ɗaya ba. Nasa biyun suna dafe da ciki, na Mufeeda kuwa suna tallafe masa da bokitin, wanda sai a lokacin ya sami aikin da ya dace da shi.