Ranar da Ƙafata Ta Tona Min Asiri a Gaban Likita

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a ɗakin allura ba, ko da kuwa zan manta ranar da na fara karɓar albashi. Shekara ashirin da biyu ina malamin ladabtarwa a wata sakandare a Kazaure. Ɗalibai har suna suka laƙaba min, Malam Ba-Dariya (sun zaci ban sani ba, ni kuwa daɗin sunan nake ji). A bainar jama'a babu abin da na tsana kamar rawa. Na ce a bainar jama'a.

Gaskiyar magana, duk Asabar bayan la'asar, da zarar mai ɗakina ta kwashi yara sun tafi Islamiyya, sai in sakaya ƙofa, in rage muryar talabijin, in zauna kallon gasar raye-rayen gargajiya. Takardun jarrabawa suna kan cinyata, ko da wani zai yi sallama. Ni ɗan Babura ne, ga kuma 'yan rawar koroson garinmu a cikin gasar. Kai ma ka san ba yadda zan yi.

Ana nan sai yatsana na tsakiya a hannun dama ya fara maƙalewa. In na dunƙule hannu, sai na sa na hagu na miƙar da shi, ya ce ƙas. Alli ma ya gagare ni riƙewa. Na shafa man zafi har na gaji, na tafi wani asibitin kuɗi, aka ce allura za a yi min a tafin hannu, in ta kama ma a maimaita. Ni da allura kuwa, ko ta ɗinki na gani a ƙasa kewaye ta nake yi.

Ina shiga ɗakin gabana ya faɗi. Likitar Hajara ce, tsohuwar ɗalibata 'yar Roni, wadda na taɓa sa ta sharar filin taro mako guda cur saboda na kama ta tana taka rawa a aji ranar da za a ba da hutu. Ta rusuna ta gaishe ni. A bango kuwa talabijin ce, ana maimaita gasar Asabar, wadda ta wuce ni saboda wani ɗaurin aure a Gwiwa.

"Malam, ku yi haƙuri, bari in kashe," in ji ta. "Na san ba kwa son irin wannan."

Na ƙara ɗaure fuska. "Bar shi. Gara mutum ya ga yadda duniya ta lalace."

Ta kwantar da hannuna a kan tebur, ta goga auduga mai sanyi. Na hango allurar. Fargabata ɗaya ce, kada Malam Ba-Dariya ya yi raki a gaban yarinyar da ya hora.

"Kada ku kalli hannun, Malam. Ku kalli wani wuri."

Na kalli wani wuri. Daidai lokacin 'yan Babura suka shigo fili. Jama'a, yaran nan sun yi rawa. Taku ɗaya, juyi ɗaya, jagoransu ya tashi sama ya dire ba ko tangaɗi. Sai alƙalin gasar, wani mai jar hula, ya ɗaga allonsa: maki shida cikin goma.

"Shida? Wallahi wannan zalunci ne," na ji bakina yana faɗa. "Mai jar hular nan tun zagaye na biyu yake danne su. Ranar da suka yi juyin nan na baya-baya ma biyar ya ba su, alhali kowa ya ga..."

Sai na waiga. Ƙofa a buɗe take rabi, mutanen da ke kan benci duk sun leƙo, har da mahaifin wani ɗalibina. Hajara na danne da auduga a tafina, tana cije leɓe.

"An gama tun ɗazu, Malam," ta ce cikin ladabi. "Jira nake ƙafarku ta tsaya in manna filasta, teburin ne yake girgiza."

Na duba ƙasa. Ƙafar dama tana nan tana bin kiɗa, ba ruwanta da girmana. Kunya ta rufe ni har wuya ya yi min gumi. Na tattara babbar rigata zan sulale, ta rako ni bakin ƙofa, ta rage murya.

"Malam, filin taron nan har yanzu yana buƙatar shara?"

Bayan mako shida na koma allura ta biyu. Na tarar an riga an juya kujerar tana fuskantar talabijin. Na zauna, allurar kuma ban ji shigarta ba.

Yatsa dai ya warke, alhamdu lillahi. Yanzu kafin in hori ɗalibi sai na tambaye shi abin da yake son zama in ya girma. In kuma zan ɗaure fuska a gaban mutane, nakan fara taka ƙafar dama da ta hagu.