Wa ya wanke wa jarumin ruwa takalmi?

"Ba zan faɗa ba, ranka ya daɗe." Amsar da na ba Mai Girma Sarkin Gadin Gumaka ke nan ranar Litinin, da ya tura mini hoton wata tsohuwa da kyamara ta ɗauka ta baya, tana durƙushe da bokiti. Ni ce tafintar ofishinsu na kula da gumakan gari, saboda haka a ganinsa duk mai mayafi a garin Greensboro na Amurka na san sunanta. Wannan kam na san ta.

Ga laifin. A tashar bas ta unguwarmu akwai mutum-mutumin wani jarumin sojan ruwa, na tagulla, ya kafa ido yana hangen teku. Allah ya ba shi haƙuri, daga nan zuwa teku sai mota ta sha mai. Doka ta kare shi: ba a taɓa shi, ba a jingina da shi. Mu kuwa da aka yi wa alƙawarin rumfa tun ina sakandare, babu dokar da ta hana ruwan sama taɓa mu.

Tsohuwar, da muke kira Mama, 'yar Nijar ce. Iya abin da za ku ji ke nan, ko da Mai Girma ya samo sabon tafinta. A tashar nan take jiran bas zuwa aikin goge-goge a gidajen unguwar Irving Park. Ta gaji da ganin bawan Allah ya yi kore shar, ga kashin tsuntsaye.

"Zipporah, mutumin nan ba shi da jikoki ne?" ta tambaye ni.

Washegari ta zo da toka, lemun tsami da soson ƙarfe, ta dirje takalmansa kamar gindin tukunya har suna ƙyalli. Kafin ta kai gwiwa bas ya iso.

Ashe koren nan shi ne tarihin! Aka kafa kwamiti, aka ɗauko masani a jirgi ya maido da dattin. Don kada ruwa ya ɓata aikinsa, aka kafa wa takalman rumfa. Rumfa, jama'a! Sannu da ƙoƙari, shugabanni.

"Ko mersi, ko na gode, ba su ce ba?" in ji Mama.

"Mama, da 'yan sanda za su haɗa ki."

Takardun zamanta ba su fito ba. In sunanta ya shiga hannun hukuma, sai dai jikokinta su gan ta a waya.

A ranar Litinin ɗin, Mai Girma ya ce, "Ke mai digiri ce, kin san darajar tarihi." Na ce na sani, na kuma san darajar tsohuwa. Ya ce in ajiye katin ofis. Na ajiye, ban sunkuyar da kai ba.

Jiya Mama ta ƙura wa gwiwar jarumin ido, ta ce aikin da aka bari rabi yana damunta. Na riƙe mata hannu gam.

Tare muke jiran bas yanzu. Ba ni da aiki, ba ni da inshorar asibiti, motar ma na sayar. Takalman dai suna cikin inuwa.