Ranar Da Aka Amsa Addu'ar Baba Tukuna

Ka taɓa ganin mutumin da yake roƙon Allah abu kowane mako, alhali a ransa yana fatan kada a ba shi? In ba ka taɓa ba, to ba ka yi sa'ar sanin Dattijo Ginshiƙi ba, mai shagon kayan gini da ke kallon tashar mota, fitilar ikilisiyarmu, garkuwar masu bi, mutumin da in ya yi tari a ƙofar coci yake jiran a ce amin.

Sunan Ginshiƙi shi ya raɗa wa kansa, don kada ya wahalar da jama'a da neman suna. Kuma ya cancanta. Kwanon rufin cocin daga shagonsa ya fito, ƙusoshin ma haka. Gaskiya ne an biya shi, amma kamar yadda yakan ce, ai da ya ga dama da bai sayar ba.

Da tsohon fasto ya kwanta ciwo, 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi gida jinya, coci ya zama tumaki ba makiyayi. Shugabannin da ke can babban ofishi suka ce a yi haƙuri, a yi ta addu'a, za a turo wani. Yaushe? Ba wanda ya sani. Mutane suka shiga zullumi. Ginshiƙi kuwa ya ɗauki wannan babban rashi da ƙarfin hali irin na jarumai. Wasu ma sun ce tun daga ranar ya fara ƙiba.

Kada a yi masa sharri, bai hau kujerar fasto kai tsaye ba. Mutum ne mai tawali'u. Lahadin farko hularsa kawai ya ɗora a kai, don kada ƙura ta ɓata kujerar. Ta biyu ya ƙara da Littafi Mai Tsarki, wani ƙato mai bangon fata wanda shafukansa ke manne da juna saboda tsabar adana. Ta uku ya lura hula da littafi suna bukatar mai tsaro, sai ya sadaukar da kansa ya zauna. Daga nan ya sa aka ɗinka masa riguna huɗu masu maɓalli har maƙogwaro, duk baƙaƙe, ya kuma daina amsa gaisuwa da baki, sai dai ya ɗaga yatsu biyu.

Aka ware yammacin Laraba don roƙon Allah ya aiko sabon fasto. Wa zai bi da addu'ar? Ai tambaya ma rashin kunya ce. Sai ya miƙe, ya gyara murya, ya buɗe hannuwa kamar mai auna faɗin ƙofa.

"Ya Ubangiji, ka san bawanka. Ni ne, Ginshiƙi. Muna roƙonka fasto, amma kada ka yi gaggawa, ya Uba, gama gaggawa aikin Shaiɗan ne. Ka duba da kyau tukuna. Kada ka aiko mana yaro, yara ba su san komai ba. Kada ka aiko tsoho, ka ga yadda muka ƙare da na baya. Kada ya zama mai yawan karatu, ya raina mu. Kada ya zama marar karatu, mu raina shi. In ba ka samu irin wannan ba tukuna, babu damuwa, akwai masu riƙewa."

Daga wannan "tukuna" ne matan coci suka yi masa suna na biyu, Baba Tukuna, wanda ba a faɗa sai in ya ba da baya.

Addu'arsa ba ta da ƙofar fita. Yakan fara daga Adamu, ya bi ta kan Nuhu, ya ɗan tsaya ya tuna wa Ubangiji cewa shi ma jirgin nan da kayan gini aka yi shi, sannan ya gangaro kan masu zuwa coci a makare, yana ambaton kalar rigunansu don kada a yi kuskure a sama. Kalmar "ni" takan fito sau goma kafin sunan Yesu ya fito sau ɗaya. Gwiwoyi suka yi kanta. Jarirai suka yi barci, suka farka, suka sake yin wani. Amin ɗin jama'a ta dinga ramewa kamar akuyar da ta sha rani, har ta kai mutum huɗu ne ke amsawa: matarsa, yaran shagonsa biyu, da wani tsoho mai nauyin kunne da ke cewa amin duk sanda ya ga an yi shiru.

A nan ƙasa kuwa, inda talakawan Allah suke, abubuwa sun tsaya cak. Ba jibin Ubangiji, ba baftisma, tunda ibadu ne da sai fasto ke yin su. Makanike, wani saurayi mai gyaran babura, ya gama komai na aurensa da 'yar mai gidan burodi, har ya shafa wa ɗaki fenti, fentin ya bushe ya fara ɓarewa, ba mai ɗaura aure. Ya je shago ya durƙusa.

"Baba, don Allah ku matsa wa na sama. Iyayen yarinyar nan sun fara kallona kamar mai ƙarya."

"Ɗana, Yakubu na Littafi Mai Tsarki shekara nawa ya jira kafin a ba shi mata? Kai har ka fi Yakubu ne? Tukuna. Af, fentin nan a wurin wa ka saya?"

Shugabar mata, wata tela mai ƙaramin jiki da ba ta ɓata zare ba ta ɓata magana, takan tara mata a barandar coci bayan an tashi. Addu'arsu ba ta wuce tsawon tafasar ruwan shayi: Allah ka ga halinmu, ka ba tsohon fasto lafiya, ka aiko mana makiyayi. Ginshiƙi ya ji labari ya girgiza kai don tausayi. A cewarsa addu'ar da ba ta sa ƙafa ta mutu ba, ba ta wuce rufin kwano.

Ana nan sai saƙo ya zo: babban fasto daga ofishi zai ziyarce su ran Lahadi, ya ga ko lallai suna bukatar sabon fasto yanzu, ko kuwa za a bar mai riƙo ya ci gaba da riƙo. Kujera ke nan a kan sikeli. Ginshiƙi ya rufe shago da wuri, abin da ko rasuwa ba ta taɓa sa shi yi ba, ya tsaya gaban madubi yana gwaji. Ya san manya suna son mai tawali'u, don haka ya shirya tawali'u mai yawa, buhu guda. Dabarar ita ce ya ƙasƙantar da kansa a cikin addu'a, jama'a su yi tsit don baƙin ciki, mata su fashe da kuka, baƙo ya ga yadda ake ƙaunarsa.

Matarsa tana ninke kaya ta ce, "Baban yara, da ka cire wannan wurin daga addu'ar. Magana zarar bunu ce."

"Ke me kika sani a kan al'amuran ruhaniya? Goge min rigata."

Lahadi coci ya cika har bakin taga. Baƙon, wani dattijo mai furfura da tsohon takalmi, ya zauna a gefe ya sunkuyar da kai. Ginshiƙi ya hau mumbari. Ranar ya ƙure basirarsa. Ya zaga da Isra'ilawa cikin jeji bai rage musu ko zango ɗaya ba. Ya kai rahoton kwano da ƙusa. Sannan ya sassauta murya, ya sa mata rawa daidai yadda ya gwada a madubi.

"Ya Uba, ni wane ne? Ƙura ne ni. Tsutsa ne ni. In ka ga ban isa in riƙe tumakinka ba, ka sauke ni yau ɗin nan, ka aiko wanda ya fi ni!"

Ya dakata, ya buɗe ido ɗaya kaɗan don ya ga hawaye.

"AMIN!"

Kwanon rufi ya amsa. Tantabarun da ke kai suka watse. Benci ashirin da biyu, ba wanda ya yi ƙwauron murya. Makanike ya miƙe tsaye hannuwa sama, hawaye na zuba, na gaske kuwa. Mai gidan burodi ya faɗi tasa har sau uku. Yaran shago sun yi ƙoƙarin rufe baki, amin ta kuɓuce musu ta hanci. Daga layin gaba kuma wata murya da Ginshiƙi ya sani shekara da shekaru, muryar da ke tashinsa karin kumallo, ta fito tsaf a kan ta kowa.

Ya yi wuf zai gyara: "Wato, ya Ubangiji, abin da nake nufi, ba yanzu-yanzu ba, tuku..." Amma shugabar mata ta riga ta ɗauki waƙar godiya, mawaƙa suka cafe, coci ya ɗauka. Mutum na iya janye magana a gaban alƙali, amma yaya ake janye addu'a a gaban Allah da shaidu cike da ɗaki?

Da aka lafa, baƙon ya tashi, ya riƙe hannun Ginshiƙi da hannu biyu.

"Dattijo, na yi yawo cikin ikilisiyoyi da yawa, ban taɓa jin mutum ya yi roƙo jama'a suka haɗa baki a kansa haka ba. Ka faɗi abin da ke zuciyar kowa. Addu'a irin wannan ba a sa ta jira. Kafin wata ya ƙare za ku sami fasto."

Aka yi ta tururuwa ana gaishe shi, ana cewa Baba, yau kam ka yi addu'a. Shi kuwa yana tsaye, maɓallin wuya ya shaƙe shi, yana cewa "Mun gode wa Allah" da fuskar wanda ya tauna tsakuwa a cikin abinci. A duk watannin da ya yi yana tashin sama da surutu, jimla ɗaya tak ya faɗa wadda ba ya nufi, ita ce kuma aka karɓa.

Kai ma mai karatu, in kana riƙe da wata kujera kana jin ba a yi kamarka ba, gwajin ba shi da tsada. Tara mutanenka, rufe ido, ka roƙi Allah da babbar murya ya kawo wanda ya fi ka. Sai ka yi shiru, ka kasa kunne. Don Allah gwada, amma ka fara kwashe hularka.