Nomau da Rainon Mantau

Ranar Laraba, goma sha biyu ga watan Nuwamba, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, Tasalla matar Nomau ta haihu a ƙauyen Gidan Kanya. Namiji ne. Shi ne na ukunsu, amma biyun farko suna kwance a bayan gari, babu wanda ya kai yaye. Ran suna aka raɗa masa Idrisu, ake kiransa Mantau, ko mutuwa ta manta da shi. Nomau kuwa mutum ne da ba ya ƙara wa magana, ba ya rage mata. Abin da aka ce masa shi zai yi, har ƙarshensa. Mutane na ce masa wawa. Shi dai ya ƙudura a ransa wannan ɗan ba zai bi 'yan'uwansa ba.

Wata rana ungozoma, Iya Kulu, ta gama yi wa jariri wanka, ta gasa masa cibi, ta ce, "Nomau, sanyi ya shigo. Kada ka bari iska ta shiga ɗakin nan." Ya ce, "To, Iya." Ya kwaɓa ƙasa, ya toshe taga, ya bi kowace kafa ya liƙe. Da ya ga labule bai daina motsi ba, sai ya fara jera tubali a ƙofa. Gini ya kai ƙugu Tasalla ta farka tana tari, hayaƙin wutar jego ya cika ɗaki.

"Maigida, da raina za ka binne ni?"

"Saura kaɗan," in ji shi. "Ta sama kawai take shiga yanzu."

Sai da maƙwabta suka zo aka rushe.

Wata rana, Mantau na da wata biyu, suka kai shi awo. Malamar asibiti ta ce, "Ya fara bin mutum da ido. Ka riƙa yi masa hira." Nomau ya ce, "Wace iri, Malama?" Ta ce, "Duk abin da ka gani, faɗa masa." Kashegari ya zauna a ƙofar gida da yaro a cinya, muryarsa kuwa ba ta san ƙasa-ƙasa ba. "Ga Ladidi mai nono can bayan rumbu tana ƙara ruwa a ƙwarya. Ga akuyar Mai'unguwa a lambun liman. Ga Mai'unguwa ya gani ya kau da kai." Kafin azahar unguwa ta kaure da faɗa. Mai'unguwa ya zo yana huci.

"Kai, wa ya aike ka?"

Nomau ya gaishe shi, ya sunkuya wajen yaro. "Ga Mai'unguwa ya zo. Rawaninsa ya warware."

A nan Mantau ya yi murmushinsa na farko.

Wata rana da bazara, yaro ya wuce wata biyar, yana birgima yana kai komai baki, Malama ta ce, "Sai ya cika wata shida. Kafin nan kada komai ya shiga bakinsa sai nonon uwa. Ko ruwa." A makon nan Gwaggo Indo, wadda ta raini Nomau tun yana maraya, ta taho daga unguwarsu da jiƙon sassaƙe a ƙoƙo.

"A zafin nan za ku kashe shi da ƙishirwa? Da wannan na raine ka."

Tasalla ta sunkuyar da kai, don ba a musu da suruka. Nomau ya rasa yadda zai yi. Ba ya iya zubar da abin hannun Gwaggo, ba ya iya bari a ba yaro. Sai ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya shanye.

"Ɗan nema! Kai ne jaririn?"

"Ba ni ba ne, Gwaggo. Saura masa kwana ashirin da shida."

Kwana huɗu tana kawowa, yana shanyewa, gari na dariya. Rana ta biyar amai da gudawa suka kwantar da shi. Ashe rijiyar unguwar su Gwaggo ce ta ɓaci, daga ita ake ɗebo ruwan jiƙon. Cutar ta ɗauki jarirai uku a unguwar. Gwaggo Indo ma ta kwanta, ba ta tashi ba, Allah ya jiƙanta.

Da abin ya lafa, ga waɗanda suka rage a gidan: Tasalla, Iya Kulu, da ta tare wajensu don jinya, Nomau, ya rame kamar kara, yana kukan Gwaggo a ɓoye, da Mantau, zaune a cinyar ubansa, yana jan gemunsa. Nomau ya sa tafin hannu ya kare gemun, kada ya kai baki, don saura kwana goma sha uku.